Idan Shafi Ya Ƙaura, A Bar Wa Baƙo Kwatance

Duk mai hulɗa da intanet ya san lambar nan 404. Ka danna mahaɗin da aka turo maka ta WhatsApp, ko wanda aka buga a takardar makaranta, sai a ce ba a ga shafin ba. Matsalar ta fi yadda ake zato girma. A 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma. Kafin nan, masu bincike a jami'ar Harvard sun gano kusan rabin mahaɗan da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mai karatu ga abin da alƙalai suka kafa hujja da shi. Wasu shafukan sun mutu da gaske. Wasu kuwa suna nan da ransu, adireshi kawai aka canza musu, aka bar jama'a suna ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Wannan kashi na biyu sakaci ne, domin maganinsa yana hannun mai shafi.

Maganin shi ne karkatarwa. Idan ka nemi shafi, burauzarka na aika tambaya ga kwamfutar da ke ɗauke da shi, ita kuma ta amsa da lamba. Lamba 200 na nufin ga shi nan. Lamba 301 na nufin ya koma wani adireshi har abada, sai burauzar ta wuce can kafin ma ka lura. Lamba 302 na cewa ƙaurar ta ɗan lokaci ce, za a dawo. Akwai kuma 410, wadda ba a cika amfani da ita ba, mai cewa an cire shafin da gangan, kada a sake nema. Kamar ɗan kasuwa ne da ya tashi daga rumfarsa ya liƙa takarda a ƙofa yana kwatanta layin da ya koma. A kwamfuta mai ɗauke da shafuka da ke aiki da manhajar Apache, layi ɗaya a fayil ɗin .htaccess ya isa: tsohon adireshi, sabon adireshi, da lambar. Masu WordPress suna da ƙananan manhajoji da ke yin aikin ba tare da rubuta komai ba. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya yi rubutu yana jan hankali cewa adireshi mai kyau bai kamata ya canza ba, kuma dalilinsa yana nan daram. Da zarar ka wallafa adireshi, ya bar hannunka. Yana cikin littafin ɗalibi, da saƙon da aka tura shekara uku da suka wuce, da kati da aka riga aka buga, kuma ba ka da ikon gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Za a ce ai Google zai gano sabon wurin da kansa. Zai gano, amma a hankali, kuma idan babu 301 zai ɗauki sabon adireshin tamkar baƙon shafi, martabar da tsohon ya tara ta hanyar mahaɗan da wasu suka yi masa ta tafi a banza. Shi kansa Google yana ba da shawarar a bar karkatarwa aƙalla shekara guda, kuma a ganina shekara guda ta yi kaɗan, domin takarda da aka buga ba ta san wa'adi ba. Sannan ba kowa ne zai koma ya yi bincike ba. Wanda ke lallaɓa datar naira ɗari biyu, idan ya ga 404, rufewa zai yi. Za a kuma ce aikin ya yi yawa ga mai dubban shafuka. A 2012, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta rufe shafukanta na Directgov da Business Link ta koma GOV.UK, ma'aikata sun zauna sun haɗa tsofaffin adireshi da sababbi, suka karkatar da su. Idan gwamnati mai tarin shafuka ta iya, jarida ko jami'a ba ta da uzuri. A fara da shafukan da aka fi ziyarta, a sauko ƙasa.

Sai dai akwai wata gajeriyar hanya da ta fi 404 muni, ita ce tura duk wanda ya nemi tsohon shafi zuwa shafin farko. Mutum ya zo neman sharuɗɗan tallafin karatu, sai ya tsinci kansa a gaban hoton shugaban ma'aikata da jawabin maraba, bai san ko shi ya yi kuskure ba ko an cire bayanin. Google ma yakan ɗauki irin wannan a matsayin shafin da ya ɓata. Karkatarwa ta gaskiya tana kai mutum ga abin da ya zo nema, ko mafi kusa da shi. Idan babu makamancinsa, a faɗa masa a fili da 410, a sa ɗan bayani da wurin bincike, ko a nuna masa kwafin da ke ajiye a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafuka, idan akwai.

Haka nan a guji jera karkatarwa kan karkatarwa, wannan ya tura ga wancan, wancan ya tura ga wani, domin kowane tsalle yana ƙara jira, musamman inda sabis ba shi da ƙarfi. Duk lokacin da aka sake ƙaura, a gyara tsofaffin layukan su nufi adireshin ƙarshe kai tsaye. Wanda kuma ya canza sunan shafinsa gaba ɗaya, ya ci gaba da biyan kuɗin tsohon sunan duk shekara. Ranar da ya daina, karkatarwar ta tsaya, kuma daga baya kowa na iya sayen sunan ya ɗora tallan caca a adireshin da jama'a suka sani da sunan makaranta ko asibiti.