Guga Tun Daga Igiyar Shanya Take Farawa

 Yau hirar tamu a kan guga ce. Na san akwai wadda da jin haka za ta ce, to guga kuma har sai an koya wa mutum? Ki dai gyara zama. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa wayar garin Juma'a maigida na neman kaftaninsa, kayan makarantar yara a cukurkuɗe cikin kwando, ga shi an ɗauke wuta tun daren jiya ba? A aika wa mai wanki da guga kuma kuɗi ne, sannan sai kin samu yaron da zai kai ya karɓo.

Abin da ke cinye miki lokaci ba dutsen gugar ba ne, yadda kayan suka iso gabanki ne. Idan kin gama ɗauraya, kada ki murɗe tufa kamar mai jin haushinta. Ki matse a hankali, ki kama ta ki kakkaɓe sau biyu ko uku har ki ji ta yi ƙara, ki ja wuyan riga da bakin hannu su miƙe, sannan ki baza a igiya ba tare da wata ta hau kan wata ba. Duk yamutsar da ta bushe a jikin tufa, ke za ki biya ta da ƙarfin hannunki daga baya.

Sai babbar maganar, wato danshi. Zaren auduga idan ya bushe ƙayau taurin kai gare shi, ruwa da zafi ne suke sa shi ya yi laushi ya kwanta. Shi ya sa za ki ga kin bi wuri ɗaya sau biyar bai miƙe ba, amma da kin ɗan yayyafa ruwa, bi ɗaya ya isa. Saboda haka atamfa, shadda da yadin auduga ki kwashe su da sauran ɗan sanyi-sanyi a jikinsu. Da hunturu kuwa, da kaya ke bushewa kafin ki juya, ki yayyafa musu ruwa mai ɗumi, ki naɗe kowanne kamar tabarma, ki tura cikin leda mai tsabta na kamar rabin awa. Ruwan zai ratsa ko'ina daidai, ba nan sharkaf can ƙamas ba. Amma kada ki bar su su kwana a ledar, musamman da damina, za su yi wari har su yi tabon funfuna.

Wurin gugar ma ki duba shi. Guga a kan katifa ɓata lokaci ce, don tana lotsawa. Ki samu tebur ko daɓe mai santsi, ki ninka bargo biyu, ki rufe da tsohon farin zanin gado wanda ba ya zuba. Ruwan yayyafi, tsumman gwaji da wurin ajiye abin da kika gama duk su kasance inda hannunki zai kai.

Kafin ki kunna, ki kasa kayan gida uku: marasa son zafi kamar mayafi mai santsi da yadin roba, masu son matsakaici, sai na auduga masu kauri. Kayan kanti ma sun sauƙaƙa miki, ki duba 'yar takardar da ke wuya ko gefen riga za ki ga hoton dutsen guga da ɗigo a ciki. Ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, kamar digiri 110, biyu, 150, uku, 200. In an soke hoton da gicciye, ba a goge ta sam. Mai dutsen lantarki ta fara da marasa son zafi tana ƙarawa a hankali, domin dutse ya fi saurin ɗaukar zafi a kan hucewa. Sai dai in kin san wutar unguwarku ba ta daɗewa, to ki bar wannan tsari, ki fara da abin da za a sa gobe. Kuma kada ki jona shi a ƙaramin janareto. Dutsen guga yakan ja wat 1,000 ko fiye, ƙananan nan da yawansu ba su kai haka ba.

Mai dutsen gawayi ita nata a juye yake. Ki hura gawayin a waje sai ya zama jan garwashi ba hayaƙi, sannan ki zuba. Lokacin da ya yi zafi sosai ki bi ta kan masu kauri, in ya fara sanyi ki kawo marasa nauyi. Duk sanda kika fifita ko kika ƙara garwashi, ki koma gefe ki busa tokar, ki goge gindin a tsumma kafin ya taɓa tufa. Ɗan tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shaddar da aka tara kuɗi aka saya, ni kaina na taɓa yin wannan asarar, ranar kuwa ban ji daɗin tuwon dare ba. Don Allah kada ki yi gugar gawayi a ɗaki a rufe. Garwashi na fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ki ji ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Tsakar gida ko rumfa ya fi, nesa da mai rarrafe.

Wajen bin rigar kuwa, ƙananan wurare ake fara yi: wuya, bakin hannu, aljihu, sannan hannuwa, baya, gaba a ƙarshe. In kika fara da faffaɗan wuri, kina juya rigar zai sake yamutsewa. Wando ki fara da aljihu da ƙugu, ki haɗa ɗinki kan ɗinki ki fitar da kari. Zani ki ninka shi biyu ki goge gaba ɗaya. Ki riƙa jan dutsen dogon ja yadda zaren ya tafi, ban da zagaye-zagaye. Wurin aiki a wuyan riga, leshi mai duwatsu da baƙaƙen kaya ta ciki ake goge su, don kada aikin ya kwanta ko baƙin ya yi ƙyalli. Mai sitaci kuma in ya fara kama gindin dutse, ki barbaɗa gishiri a takarda ki goga shi da ɗuminsa, in dai ba irin mai rufin nan da ba ya son karta ba ne.

Kina gamawa kada ki ninke da zafinta, kada kuma a sa nan take. Ki rataye ta huce na 'yan mintoci, a lokacin ne gugar ke zama.

Ba komai ne ke buƙatar dutse ba. Tawul, hijabi mai talewa da zanin gado, kakkaɓa da ninki mai kyau sun wadatar. Amma kayan jarirai da na ƙananan yara kada ki tsallake su, ko da ba su yamutse ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa da jikin tufafin da aka shanya, ya fi son masu ragowar fitsari, ya fi kuma yawa da damina. Tsutsarsa kan shiga fata ta yi kamar maruru mai ɗan baki a tsakiya. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Saboda haka ki bar shanya a ƙasa ko kan ciyawa, ki shanya a igiya cikin rana, sannan ki bi kayan yaran ciki da waje, ki ɗan dakata a kan ɗinki da wurin roba. In kin ga irin wannan ƙurji a jikin yaro kada ki tsokale shi da allura, ki sa a kai shi asibiti.