Mayar da kat-kat mai jan kaya daga isansi zuwa gaz

Ƴan uwa manoma da ƴan kasuwa, a garuruwanmu da yawa mota kat-kat ita ce jakin zamani. Ita ke jan remorki cike da buhunan albasa daga fadamun Galmi da Madawa, ita ke kai taki gona, ita ke fid da motar da ta kafe cikin rairayi. Amma kat-kat mai aiki da isansi, wato fetur, ciki gare ta. In an ɗaura mata remorki kuwa, shanta sai ya ƙaru. Shi ya sa masu ita ke tambaya: tun da masu lambu sun mayar da injin ban ruwa yana aiki da gaz, mota fa? Amsa ita ce, tana yi. Sai dai aikin yana da ƙa'ida, wanda ya tsallake ta kuwa yana iya rasa motarsa, ko ma ransa.

Wane gaz ne?

Irin gaz ɗin dafuwa ne, wanda ake samu wajen tace mai. In an matse shi cikin tukunya sai ya zama ruwa, in an sake shi ya koma iska. A ƙasarmu, matatar SORAZ ta jihar Damagaram, wadda aka buɗe a shekarar 2011, tana tace man Agadem ta fid da isansi da gazuwal da gaz. A Aljeriya, maƙwabciyarmu, an daɗe ana sayar da shi a gidajen mai da sunan Sirghaz. A Turkiyya motoci fiye da miliyan 4 ke tafiya da shi.

Kada a haɗa shi da gaz ɗin CNG, wanda Najeriya ta mayar da hankali kansa tun daga 2023. Wancan iri dabam ne, matsinsa ya ninka na wannan sau da yawa, kayan aikinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Injin isansi ne ake mayarwa, domin shi ke da buji mai kunna wuta. Injin gazuwal ba shi da irin wannan buji, saboda haka wannan bayani bai shafe shi ba.

Kayan da ake sa wa mota

Na farko shi ne tanki na musamman, mai kaurin ƙarfe, wanda ake ɗaurewa da jikin mota. Yana da makulli mai tsayar da ciko in ya kai kashi 80 cikin 100. Ana barin sauran wurin ne domin ruwan gaz yana kumbura da zafi, kowa kuwa ya san ranar watan Afrilu a ƙasarmu.

Na biyu bututu ne mai ƙarfi, da ke kai ruwan gaz daga tanki zuwa gaban mota. Na uku wata ƴar na'ura ce mai rage matsi, wadda ke mayar da ruwan gaz iska. Ruwan zafi na inji ne ke ɗumama ta. Na huɗu shi ne abin da ke zuba gaz cikin inji, tare da maɓalli kusa da direba don zaɓen gaz ko isansi.

Ba a cire tankin isansi. A yawancin motoci, inji yana tashi da isansi, sai ya yi ɗumi sannan ya koma gaz.

Tukunyar dafuwa ba tankin mota ba ce

Nan babban hatsarin yake. Wani zai ga ƙaramin injin ban ruwa yana aiki da tukunya mai kilo 6, sai ya ɗauko tukunya ya aje bayan mota, ya jona tiyo na roba. Injin ban ruwa yana zaune wuri ɗaya, a fili, shansa kaɗan ne. Mota kuwa tana tsalle a ramu, tana kwana cikin rana, tana ɗauke da mutane. Tiyo yana iya tsinkewa, tukunya ta faɗi, kanta ya karye. Bugu da ƙari, babban inji yana zuƙar gaz da sauri har tukunya ta yi sanyi ƙalau, ƙarfinta ya faɗi, mota ta mutu a tsakiyar hawa da remorki a bayanta.

Lissafin riba

Litar gaz ba ta kai litar isansi ƙarfi ba. Mota takan sha gaz fiye da isansi da kamar kashi 20 cikin 100. Ga misali: in motarka tana shan lita 20 na isansi a kilomita 100, za ta sha kamar lita 24 na gaz. Litar gaz ta ɗan fi rabin kilo nauyi, ke nan lita 24 sun kama kilo 13. To, sai ka gwada kuɗin lita 20 na isansi da kuɗin kilo 13 na gaz. Abin da ya rage shi ne ribarka a kowane kilomita 100. Raba kuɗin kaya da na makanike da wannan riba, za ka san tafiyar da za ka yi kafin kuɗinka su dawo.

Ka kuma binciki inda za a riƙa cika maka tanki a hanyar da kake bi. A Ostareliya, inda ake jan manyan remorki da kat-kat, gwamnati ta tallafa wa masu mayar da mota gaz daga 2006 zuwa 2014. Daga baya gidajen mai masu sayar da shi suka ragu, masu irin motar suka shiga wahalar nema. Tanki marar wurin ciko kaya ne kawai.

Jan kaya da lafiyar inji

Gaz yana ci da tsabta, ba ya baƙanta man inji da wuri. Amma busasshe ne, ba ya sanyaya bawul, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Jan remorki mai nauyi yana ƙara musu zafi, mazauninsu ya cinye. Don haka:

Ka tambayi makanike ko injinka yana jure gaz, kuma a riƙa duba bawul a kai a kai.

Kada ruwan inji ya ragu, kada buji ya tsufa.

In ka ji inji ya rage ƙarfi a dogon hawa ko cikin rairayi, ka koma isansi.

Ka tuna tanki yana da nauyi; a rage kaya daidai da shi, a ɗaure shi inda dutse ko kututture ba zai buge shi ba.

Lafiyar jama'a

Gaz ya fi iska nauyi. In ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake cikin rami da ƙasan ɗaki, yana jiran tartsatsi. Warin da kuke ji an sa masa shi ne da gangan don gargaɗi. In ka ji shi, kashe inji, rufe tanki, fid da mutane, hana taba da wuta. Ana neman yoyo da ruwan sabulu: inda ya yi kumfa, nan ne. Ba a nemansa da ashana.

Ruwan gaz yana ƙona fata da tsananin sanyi. In ya taɓa mutum, a zuba ruwa mai ɗan ɗumi, kada a murza, a kai shi likita. Hayaƙin gaz kuma, ko da ba a ganinsa, yana iya kisa cikin rufaffen wuri. Kada a bar inji yana aiki a ɗaki.

Daga ƙarshe, a ba makanike wanda ya koyi aikin gaz, a sayi kaya sababbi, a sanar da masu binciken motoci da masu inshora. In babu ƙwararre ko babu wurin ciko a yankinku, a bar mota da isansinta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.