Kaki da Takalmin Soja a Zamanin Yaƙi: Tafiyar Kaya da Tafiyar Kalma

Masu nazarin aron kalmomi sukan jera "kaki" cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi, su wuce. Amma Ingilishin ma aro ya yi. Asalinta Farisanci ne, inda "khak" ke nufin ƙasa ko ƙura, ta kuma biyo ta harshen Urdu. Ba ta da dangantaka da kakin zuma.

Wata rundunar Turawan mulkin Indiya da Harry Lumsden ya kafa a shekarar 1846 ita ce ta fara sa tufafi masu launin ƙura, domin su saje da ƙasa. Matsalar ita ce rini. Akan tsoma farin yadi cikin laka ko ruwan shayi, wanki kaɗan sai ya koɗe. Sai a 1884 aka sami rinin da ba ya zuba a Ingila, masaƙun Lankasha suka shiga saƙa yadin da yawa. Bayan Yaƙin Bowa, wanda ya ƙare a 1902, kaki ya zama tufar fagen daga ta sojan Ingila baki ɗaya.

Sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu a Nijeriya, sun sami gajeren wandon kaki da jar dara. Takalmi kuwa an daɗe ba a ba su ba. Da ƙafa tsirara suke fareti har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu. Abin mamaki, a daidai lokacin nan ana ɗora fatu da ƙiraga a jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, a kai wa majeman Turai.

Yaƙin Bama ya sauya lamarin. Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta 82 kuma a 1944. A can, birnin Kanfur shi ne cibiyar jima da ɗinkin takalman soja, kuma aikin ba ya ƙarewa, don damshin kurmi yana ruɓar da fata da zare. Kakin ma ya gaza, saboda haskensa yana tona asirin soja cikin ganye, sai aka koma rina shi kore.

Hausa dai ba ta damu da launin ba. Kore ne ko baƙi, kayan soja da na ɗan sanda duk kaki ne, wanda ya bar aikin kuma a ce ya tuɓe kaki.