Aikin injin zubin roba: Nawa sabon ma'aikaci ke samu, kuma ina sana'ar ke kai shi?

Da zarar an kammala girbin damina, matasa da dama daga ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Rabah a gabashin Jihar Sakkwato kan shiga mota zuwa cin rani. Wasu kan kama dako ko sayar da ruwa, wasu acaɓa, wasu kuma kan nufi ƙofar masana'antu a Kano. Cikin ayyukan da ake iya ɗaukar mutum ba tare da an nemi babbar takarda ba akwai tsaron injin zubin roba, wato injin da ke fitar da bokiti da kujera da kwano da murfin kwalba da kwandon zuba tumatir.

Tambayar da ke gaban matashin da iyayensa ita ce ko albashin wannan aiki ya kai a bar gonar rani dominsa, da kuma ko yana da tsanin da ake hawa.

Yadda aikin yake

Injin yana karɓar ƙwayoyin roba ta wani mazurari da ke samansa. Daga nan wani dogon ƙarfe mai kama da kusa mai zare yana juyawa cikin bututu mai zafi, yana narkar da robar a zafin da kan wuce digiri 200, sannan ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Ruwan sanyi da ke zagaya mazubin ya daskarar da ita, mazubin ya buɗe, kaya ya faɗo. Ƙaramin abu kamar murfin kwalba kan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi, kujera kuwa kan kai minti ɗaya ko fiye.

Fasahar ta daɗe. A 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar injin farko a Amurka, a 1946 kuma James Watson Hendry ya ƙera mai juyawar nan wanda ake amfani da irinsa har yau. Ba kowane kayan roba ake yi ta wannan hanya ba. Jarka hura ta ake yi, bututun ban-ruwa irin wanda manoman Goronyo ke shimfiɗawa tunkuɗo shi ake yi ta wani injin daban, amma gwiwar da ke haɗa bututun da ɗan'uwansa zubi ce.

Aikin sabon shiga shi ne cire kaya daga injin, yanke ɓurɓushin da ya fito a gefe, ware mai aibi, jerawa da ƙirgawa, da cika mazurari. Ba a ba shi damar taɓa ma'aunin zafi ko na matsi. Wannan ne tushen ƙarancin albashinsa: abin da za a koya wa mutum cikin 'yan kwanaki, ana iya koya wa wani idan ya tafi, kuma masu jira a bakin ƙofa ba sa ƙarewa.

Abin da doka ta tanada

A ranar 29 ga Yuli, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000 a wata, tare da sharaɗin sake duba shi duk bayan shekara 3. Dokar ta shafi kamfanoni masu zaman kansu kamar yadda ta shafi gwamnati. Saboda haka duk masana'antar da ke ƙarƙashinta ba ta da hurumin biyan cikakken ma'aikaci ƙasa da wannan adadi, ko da jiya ya fara aiki.

Sai dai dokar ta bar ƙofofi a buɗe. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon yawan abin da ya yi ko mai aikin ɗan lokaci ba. Manyan masana'antun da ke Sharaɗa da Challawa da Bompai sun wuce wannan adadi nesa ba kusa ba, amma ƙananan wuraren da ke da inji ɗaya ko biyu, waɗanda ke narka tsohuwar robar da 'yan jari-bola suka tara, da yawansu ba su kai ba. A can albashi ciniki ne tsakanin mai gida da yaro.

Akwai kuma hanyar da wasu kamfanoni ke bi ta ɗaukar ma'aikata ta hannun ɗan kwangila. Kamfani ya biya ɗan kwangilar, shi kuma ya cire nasa kafin ya sallami ma'aikaci a kullum ko a mako. Mai irin wannan aiki na iya shafe shekaru a kan inji ɗaya ba tare da sunansa ya shiga littafin kamfani ba, kuma ranar da inji bai tashi ba, ranar ba ta cikin lissafi. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna yaƙi da wannan tsari.

Lissafin kuɗin

Idan aka raba N70,000 ga kwanakin aiki 26, kowace rana ta tashi kusan N2,690. Mai aikin awa 8 na samun kusan N337 a awa. Amma injin zubi ba ya son a riƙa kashe shi, domin sake ɗumama shi na cin wuta da lokaci da roba, don haka masana'antu da yawa kan raba yini gida biyu, masu rana da masu dare, awa 12 kowanne. Idan ba a biyan kuɗin ƙarin lokaci, awar ma'aikaci ta faɗo zuwa kusan N224. Wannan ya yi daidai da kuɗin yunit ɗaya na wutar lantarki ga masu rukunin A lokacin da aka ɗaga shi zuwa N225 a watan Afrilun 2024, kuma matsakaicin inji na shan yunit da dama a cikin awa guda.

Dokar Ƙwadago ta amince cewa duk abin da ya wuce lokacin aikin da aka yi yarjejeniya a kai ƙari ne, amma ba ta yanke farashinsa ba. Ta bar shi ga takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya. Shi ya sa mutum biyu masu albashi iri ɗaya a kamfanoni biyu za su iya komawa gida da kuɗi mabambanta.

A kamfanin da ke bin Dokar Fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10. A kan N70,000, wannan na nufin a cire N5,600, kamfani ya zuba N7,000, ma'aikaci ya karɓi N64,400. Mai mafi ƙarancin albashi ba ya biyan harajin albashi.

Darajar kuɗin ma abin dubawa ce. Lokacin da aka sa N30,000 a 2019, ta haura Dalar Amurka 80. N70,000 kuwa ba ta kai Dala 50 ba a watan da aka sa mata hannu, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yunin shekarar. Ga baƙon da zai biya kuɗin ɗaki da abinci da mota a Kano, sannan ya aika wani abu gida, ragowar ba ta da yawa.

Abin da ke danne albashin

Manyan abubuwan da ke cin kuɗin mai masana'antar roba su ne ƙwayar roba da wuta. Farashin ƙwayar na bin Dala da farashin ɗanyen mai, ko da kuwa daga kamfanin Indorama na Eleme a Jihar Ribas aka sayo ta. Matatar Dangote da ke Legas ta fara fitar da nau'in da ake bokiti da kujera da shi a watan Maris na 2025, abin da ke iya rage dogaro da ta waje. Ta fuskar wuta, ɗaukewar da ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 ta nuna yadda aikin ke rataye da ita. A wannan lokaci wanda ake biya a kullum shi ya fara ji a jikinsa.

Tunda mai kamfani ba shi da iko kan farashin Dala ko na wuta, kuma bokiti kaya ne da masu saye ke gudu idan ya yi tsada, wurin da ya fi sauƙin matsewa shi ne albashin leburori.

Tsanin da ake hawa

Inda kuɗin sana'ar yake shi ne sama da matakin farko. Bayan mai cire kaya akwai cikakken ofareta, wanda ke iya tayar da inji da kashe shi, ya kuma gane dalilin da ya sa kaya ke fitowa a ƙone, ko bai cika ba, ko ya lanƙwashe. Sama da shi akwai mai saita inji, wanda ke sauya mazubi ya daidaita zafi da matsi da lokacin sanyaya. Idan ya rage daƙiƙa 2 daga zagayen da ke cin daƙiƙa 20, kayan da injin ke fitarwa sun ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 ba tare da an sayi sabon inji ba. Irin wannan mutum kamfanoni ke zawarci, kuma shi ke da bakin neman ƙari. Haka ma masu gyaran wuta da na'urorin matsin mai, da masu gyara mazubi, wanda sau da yawa daga ƙasar Sin ake sayo shi da tsada.

Dadewa kaɗai ba ta kai mutum can. Ana buƙatar iya karanta lambobi da rubutun da ke allon injin, da ɗan lissafi, da kusantar mai saiti domin koyo. Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mai mataki 3, da ta hukumar NABTEB suna taimakawa. Ɗan Sakkwato na iya fara shiri tun daga gida a kwalejojin fasaha irin na Farfaru da Runjin Sambo, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, inda ake koyar da aikin wuta da na injina. Wanda ya shiga masana'anta da wannan ilimi ba ya daɗewa a layin yanke ɓurɓushi.

Haɗarin da ba ya cikin takardar albashi

Mazubi na rufewa da ƙarfin da ake aunawa da ɗaruruwan tan. Kowane inji na da ƙofar kariya da ke hana shi rufewa idan tana buɗe, amma inda ake gaggawar cika adadi akan kashe ta, kuma ta nan ake rasa yatsu da hannu. Injin niƙa tsohuwar roba ma na da nasa haɗari, ga ƙuna da hayaƙi da ƙara. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsa ga asusun NSITF domin biyan wanda ya ji rauni. Wanda ba a rubuta sunansa ba kan sha wuya kafin ya tabbatar da cewa a nan yake aiki.

Gona ko masana'anta

Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900, kuma ita ce jigon noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a yankin. A shekarar da kasuwa ta yi kyau, manomin albasa na iya samun abin da sabon ma'aikacin masana'anta ba zai tara ba cikin watanni masu yawa. Amma gona na buƙatar jari, kuma tana da nata kasadar: ambaliyar 2010, janyewar ruwan madatsar a 2018, da matsalar 'yan bindiga wadda ta kai ga harin kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ba ta shafi ƙodagon gona ba.

Ga mai cin rani na wata 4 ko 5, aikin inji ba zai wuce kuɗin abinci da ɗan guzurin komawa ba, domin zai tafi kafin ya koyi abin da ake biya da tsada. Ribar na ga wanda ya zauna shekaru ya kai ga saiti ko gyara.

Kafin ya karɓi aikin, ya kamata matashi ya san wanda ya ɗauke shi, kamfani ko ɗan kwangila, da awa nawa zai yi, da yadda ake biyan ƙarin lokaci da ranar da babu wuta. Dokar Ƙwadago ta ba shi haƙƙin samun takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3, da hutun yini ɗaya a mako, da hutun kwanakin aiki 6 bayan shekara guda. Idan aka tauye masa, yana iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar, ko ƙungiyar NUCFRLANMPE mai wakiltar ma'aikatan roba da fata da sinadarai, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano da Sakkwato.