Matsayin harshe a cikin shirya fim ɗin zane mai motsi: misalin Jiratawa

A cikin wannan ɗan nazari za mu duba wata matsala da ke fuskantar ɗalibai idan suka haɗu don shirya gajeren fim na zane mai motsi da kwamfuta, abin da ake kira dessin animé da Faransanci. Galibi zaman farko yakan tafi a kan labari da sifar ƴan wasa da rabon aiki, a bar maganar harshe sai ƙarshe. Mu a ganinmu, da ita ya kamata a fara.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a Nijar. Moustapha Alassane (1942-2015), wanda Jean Rouch ya taimaka wa ya je Kanada wurin Norman McLaren, ya fitar da Bon Voyage Sim a 1966, labarin kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki, sannan Samba le grand a 1977 da ƴan tsana. Da hannu ya yi waɗannan, hoto bayan hoto, kuma sai daga baya, a Tawa, ya koma ga kwamfuta. Ɗalibin yau yana iya samun manhaja kamar Blender, wadda ta zama ta kyauta tun 2002. Amma lissafin bai sake ba: hoto 24 a kowane sakan, wato hoto 4320 a fim na minti 3. Ko da an riƙe kowane zane sau biyu, saura 2160.

Mu ɗauka ɗalibai shida a Maraɗi suka yanke shawarar ɗora tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a kan gonakin rani na Jiratawa, a kwarin Gulbin Maraɗi, inda ake ban ruwa ana noman zogale da kayan lambu. Gizo ya karkatar da ruwan maƙwabcinsa da dare. Labarin ya isa minti uku. Tambayar da za ta taso ita ce: da wace Hausa Gizo zai yi magana?

Wani zai ce a ɗauki daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa karin Kano, don fim ya yi nisa. Wani zai ce manomin Jiratawa ba ya cewa "yana tafiya", "shina tahiya" yake cewa. Ba mu raba gardama a nan ba, sai dai mu nuna cewa zaɓin yana da sakamako a kan zanen kansa. A dubi waɗannan:

(1) tafi / tahi
(2) fita / hita
(3) fari / hwari

A (1) da (2), mai faɗin siffar farko yana kusantar da leɓɓansa biyu, mai faɗin ta biyu kuwa leɓɓansa ba su haɗuwa ko kaɗan. A (3) leɓɓan mutumin Maraɗi ko na Tsibiri suna kewayewa. Ke nan wanda ya zana bakin Gizo bisa "tafi", sannan aka ɗauki murya da "tahi", sai ya sake aikin. Akwai kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Jerin siffofin baki da masu zane ke koyo daga littattafan Turai da Amurka yana da siffa ta musamman don f da v, inda haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Wannan f ɗin Faransanci ne da Ingilishi. Na Hausa, ko a Kano, da leɓɓa biyu ake yin sa. Ɗalibin da ya kwafi jerin ba tare da gyara ba zai ba Gizo bakin Bafaranshe. A ɗaya gefen kuma akwai sauƙi: b da ɓ da m duk zane ɗaya ya ishe su, tun da bambancinsu ba ya fitowa a leɓe.

Tsawon wasali ya fi wannan wuya. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna shi, ba ya kuma nuna karin sauti. Kalmar "fara" a takarda tana iya zama ƙwaron da ke cin amfanin gona, mai dogon wasali a gaɓar farko, ko kuma sifar launi ta mace, mai gajeren wasali. Karin sauti ba ya damun mai zane, don ido ba ya ganinsa. Tsawo kuwa lokaci ne, lokaci kuma adadin hotuna ne. Saboda haka rubutaccen labari, wato scénario, ba ya isa a fara motsa baki da shi. Dole a ɗauki muryoyi tukuna, a auna su, sannan a zana. Haka manyan gidajen wannan sana'a suke yi a ƙasashe da yawa, amma ga Hausa dalilin ya ninku.

Game da Gizo kansa, masu ba da tatsuniya sun san shi da tsamin baki, yana musanya wasu baƙaƙe da wasu. Wanda zai ɗauki muryarsa ya kamata ya zauna da tsofaffin mata masu tatsuniya kafin ya tsaya gaban makirfo, don wannan ba abin da ake ƙagowa a aji ba ne.

Inda Hausa ke ba ɗalibai riba shi ne amsa-kama. Idan aka rubuta a allon labari cewa Gizo ya faɗa ruwa "tsundum", ko ya miƙe "wuf", ko gona ta yi "tsit", an riga an gaya wa mai zane nauyin jiki da saurin motsi, an kuma gaya wa mai haɗa sauti abin da zai nema. Bayanin Faransanci zai ci jimla guda kafin ya kai nan. Don haka muke ba da shawarar a rubuta umarnin motsi da Hausa, ko da sauran takardun aikin da Faransanci suke.

Kalmomin aikin su ma suna jiran daidaitawa. "Zane mai motsi" ya fi mana "katun" da ake ji a Nijeriya, don yana bayyana abin da ake nufi, ko da yake ya fi tsawo. "Allon labari" muka ɗora wa jerin zanen da ke nuna fage bayan fage, bisa allon makarantar allo. Ga abin da Faransanci ke kira rendu, wato lokacin da kwamfuta ke lissafa hotuna ɗaya bayan ɗaya, muna gwada "tace hoto", kuma muna so ɗalibai su jarraba ta a bakin aiki kafin a shigar da ita cikin jerin kalmomin sashe.