Gwajin Jinin Cutar Hapis Ba Na Kowa Ba Ne

Tun da gwajin lafiya kafin aure ya zama doka a Jihar Kano a 2024, mutane da dama sun ɗauka cewa duk gwajin da aka ƙara riba ce. Ga ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini, haka abin yake. Amma cutar hapis, wadda ke fito da ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a al'aura, lamarinta daban ne, kuma ina ganin bai kamata mai lafiya garau ya nemi gwajin jininta ba.

Abin da gwajin ke nema a jini shi ne garkuwar da jiki ya haɗa bayan kamuwa, wadda kan ɗauki har mako 12 kafin ta bayyana. Kuma ƙwayar cutar iri biyu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 64 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da nau'i na farko, HSV-1, akasari tun suna yara, ta hanyar yawu. Takardar sakamako ba za ta faɗi ko a leɓe ƙwayar take ko a al'aura ba, balle ranar da ta shiga. Nau'i na biyu, HSV-2, ya fi tayar da hankali, ga shi kuma gwajinsa na yawan yin ƙarya, musamman idan lambar da ta fito ta tsaya tsakanin 1.1 da 3.0. Shi ya sa kwamitin ƙwararru kan rigakafi na Amurka ya ce a 2016, ya kuma nanata a 2023, kada a riƙa gwada marasa alama. A wurinmu, irin wannan takarda ta isa a mayar da lefe, a bar yarinya da tabon da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Wani zai ce ai mutum na iya yaɗa cutar bai sani ba, kuma tana iya halaka jariri. Gaskiya ne. Sai dai babban haɗarin jariri yana ga uwar da ta kamu a watannin ƙarshe na ciki, lokacin da garkuwar ba lallai ta nuna a jini ba. Inda gwajin ke da amfani shi ne ga mai ƙurajen da ke zuwa suna komawa, ko wanda aka tabbatar matarsa ko mijinta na da cutar, kuma ko a nan sai an maimaita shi da wata hanya daban. Idan ƙurjin na nan ɗanye, dangwalo ruwansa da auduga a yi gwajin PCR ya fi ɗibar jini inganci nesa ba kusa ba.