Jarumi Ya Tafi, Saura Haƙƙin Iyalinsa

Yau labarinmu na Laftana-Kanar Muhammad Abu Ali ne, kwamandan bataliya ta 272 mai tankokin yaƙi.

Wannan hafsa yana cikin mazajen da suka ƙwato garin Baga daga hannun Boko Haram a 2015. Saboda jaruntakarsa aka ɗaga shi daga Manjo a shekarar nan, tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba. Ran 4 ga Nuwamba, 2016, aka kashe shi a bakin daga a Malam Fatori cikin Jihar Barno, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Abuja. A 2017 kuwa rundunar soja ta girmama shi, ta sa sunansa a filin harbi da ta buɗe cikin dajin Sambisa.

Wannan ya dace ƙwarai. Amma fa ya bar mata da 'ya'ya, haka nan ƙananan sojoji da yawa waɗanda ba a san sunayensu ba.

Mu mutanen Dutsin-Ma da Kurfi mun ɗanɗana zafin ɓarayin daji, mun san darajar mai tsaron ranmu. Saboda haka in akwai matar soja mai takaba a unguwarku, kada ki jira ranar tunawa da mazan jiya ta 15 ga Janairu. 'Yan gaisuwa sukan watse bayan sadakar bakwai, ita kuwa wata huɗu da kwana goma za ta yi. Ki riƙa leƙa ta, ko da ƙwaryar tuwo. Ke kuma 'yar makaranta, in ajinku ɗaya da 'yarta, ki ja ta a jiki.

Allah Ya ji ƙansu, Ya raya marayunsu, amin.